Bencin da Ke Bayan Ƙofa

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Ndaceko. Masu unguwannin Tunga da Fadikpe. Limamanmu da fastocinmu. Shugabannin matan kasuwa da na direbobin keke. Abokan aikina ma'aikatan jinya. Iyayena da 'yan'uwana da kuka cika wannan zaure, ina yi muku sallama da barka da zuwa.

Ina gode wa kwamitin lafiya na unguwanni da ya ba ni wannan dama. Mai gabatarwa ya kira ni Sista Rahmatu, wadda ta yi shekara ashirin da shida a ɗakin gaggawa ba tare da an taɓa kai ƙararta ba. Gaskiya ya faɗa, ba a taɓa kai ƙarata ba. Amma akwai wanda ya kamata ya kai ƙarar, kuma labarinsa na zo ba ku kafin ku ɗaga hannu a kan ƙa'idojin da ke gabanku.

Abu na farko da ke damunmu a ɗakin gaggawa shi ne yawa. Gado takwas gare mu, amma akwai ranar da nakan ƙirga marasa lafiya talatin. Wani a kan tabarma, wani a kan kujera, wani a baranda ƙaninsa na riƙe masa ledar ƙarin ruwa sama har hannu ya sage. Idan ɗaki ya cika haka, ido yakan daina aiki, kunne ya karɓa. Wanda ya fi ihu shi muke fara zuwa wurinsa, alhali sau da yawa wanda ya yi shiru shi ne ya fi kusa da tafiya.

Abu na biyu shi ne mu kanmu, kuma a nan kunyata take.

Shekara huɗu da suka wuce, wata Litinin da hantsi a cikin damina, aka kawo wani manomin doya daga wajen Tagwai, sunansa Caleb. Kububuwa ce ta sare shi a ƙafa tun jiya a gona. Matarsa Mercy ce ta riƙo shi daga keke. Na duba ƙafar, na ga ta kumbura, na zaunar da shi a bencin da ke bayan ƙofa, na ce gado na farko da ya samu nasa ne. Ya ce, "Sista, ba komai, gama da waɗancan. Ni ina nan."

Da azahar gado ya samu. A daidai lokacin wayata ta yi ƙara, kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, wanda ya riƙe ni har na gama makarantar jinya. Ya ce, "Rahmatu, surukina na hanya, jininsa ya hau. Ki fitar da ni kunya." Jama'a, wane ne a cikinmu bai taɓa buga irin wannan waya ba? Alfarma muke kiranta, kuma muna ɗaukarta zumunci. Na ce, "To, Kawu." Na ba surukin gadon, mutumin da ƙwaya biyu da hutun awa ɗaya a kan kujera za su ishe shi.

Bai zo shi kaɗai ba. Kun san mu da dubiya. Kafin la'asar mutum goma sha huɗu sun biyo shi, da kuloli, da tabarmi, da butoci, kowa na son a gan shi ya zo. Suka tsaya bakin ƙofa suna gaisawa, suka rufe bencin ruf. Aka kuma kawo mutum uku da hatsarin babur. Na wuce ta ƙofar nan ya fi sau ashirin, manyan riguna da mayafai kawai nake gani. Sau biyu Mercy ta taso, ta ga manyan mutane, ta ji nauyin kutsawa, ta koma ta zauna. A karo na uku ta kama gefen rigata ta ce, "Sista, bakinsa yana jini."

Allurar maganin dafin tana cikin firij tun safe, taku goma daga bencin. Muka yi masa ita bayan awa biyar da zuwansa. Washegari da rana Caleb ya rasu. Likita ya ce mai yiwuwa ko da an yi da wuri ba zai tashi ba, tunda ya kwana da dafin. Na daɗe ina rarrashin kaina da wannan magana, amma ba ta taɓa hana ni ganin bencin ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk shekara idan sabuwar doya ta fito, Mercy takan zo asibiti da guda biyar a buhu, ta durƙusa ta ce, "Sista, kin yi ƙoƙari." Shekara uku ina karɓa, ina rabar wa masu shara, ban taɓa iya sa ko yanka ɗaya a bakina ba. Bana na zaunar da ita na faɗa mata komai, har wayar. Ba ta zage ni ba, kuma ba ta ce ta yafe ba. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Yanzu wa yake duba wanda ya zauna a benci?" Ta ɗauki doyarta ta tafi, kuma daidai ta yi.

Ƙarin gadaje da ma'aikata muna ci gaba da roƙon hukuma, ba za mu gaji ba. Amma ƙa'idoji biyun da ke gabanku ba sa jiran kowa. Mara lafiya ɗaya, mai jinya ɗaya. Sauran masu dubiya su jira a waje ko a gida. Sannan gado na wanda ciwonsa ya fi tsanani ne, ko wa ya bugo waya. Na san da wuya. Za a ce kun yar da zumunci, za a ce Sista ta yi girman kai. Jiya na je na gaya wa Kawu cewa zan ambace shi a nan. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Faɗi, ni ma ban taɓa tambayar wa aka hana gadon ba."

Iyayena masu unguwanni, daga gare ku wayar ta fi zuwa, kuma ku muka fi jin nauyi. Idan kuka ɗaga hannu yau, gobe da safe zan tafi Tagwai in kai wa Mercy amsarta. Idan ba ku ɗaga ba, ban san da wace fuska zan je ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya raya 'ya'yan da Caleb ya bari, Ya yafe mana abin da muka yi da sunan zumunci, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.