Matan Tsibiri Sun Shayar da Rufina

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Ni ce Hannatu ta Sabon Gari, mai siminti a farce.

A shekarun yajin aikin nan, da kowace safiya sai mun kunna rediyo mu ji ko gwamnati na nan, aka fara damƙa mini shugabancin gini: azuzuwan lakwal, wato makaranta, a Tsibiri. Na daɗe ƙarƙashin maza, ni ke awo, su ke shan yabo. Ɗan kwangilar ya ce, "Hannatu, in rufin ga ya tsage, ke da shugabanci har abada."

Muka zuba kankaren rufi, washegari pampo ya ɗauke. Ma'aikatan ruwa sun shiga yaji! Sabon kankare kuwa kamar jinjiri yake, in bai sha ruwa safe da yamma ba, rana ta fasa shi. Ga bazara.

Wayyo, ban ga wurin zama ba! Na hau kabu-kabu zuwa Maraɗi neman motar tanki, aka ce sai Jiratawa. Na je, mai motar ba shi da mai. 'Yan garuwa gari ya wawashe su. Na dawo wurin gini hannu banza. In hau tsani in shafa rufin, in sauko, in sake hawa. Baba Idi, babban magininmu, ya ce, "Ɗiyata, hawa da sauka ba shi jiƙa shi."

Na durƙusa bayan tarin yashi na ce, "Yesu, na gaji da gudu. Dabarata ta ƙare. Ka karɓi rufin nan, ka karɓi zuciyata."

Sai da na yi shiru na ji waƙa daga majami'ar da ke kusa. Ashe ranar zumuntar mata ce. Na shiga a hargitse. Inna Rahila, uwar zumunta, ta saurare ni ta ce, "Ruwa ɗai? Mu da munka tashi bisa guga!"

Suka ajiye waƙa suka ɗauki bokitai da tuluna, sai rijiya. Maƙwabta Musulmi suka fito, wai ai ɗiyansu ne za su zauna ciki. Safe da yamma suna miƙo ruwa bisa tsani, har pampo ya dawo.

Ranar cire katakon da ke tallafe da rufin, ni na fara shiga ƙarƙashi. Na ɗaga kai na duba lungu-lungu, ko tsaga ɗaya babu. Na fashe da kuka gaban maginana, ban ji kunya ba!

Godiya ta tabbata ga Ubangiji. 'Yar'uwa, in kina ta gudu kamar yadda na yi, tsaya ki kira shi. Yana ji. Amin!