Turke a Gonar Baba

HANSAI: Alo? Garwa ce? Salmanu?

SALMANU: Adda Hansai! Jam na? Ya Marwa, ya mutanen unguwarku Dugoi?

HANSAI: Jam, alhamdu lillahi. Ya taku unguwar, Pumpumre? Ya matarka Zuwaira da ƙafar tata?

SALMANU: Da sauƙi, har kasuwa tana zuwa. Ya zafi?

HANSAI: Ya wa?

SALMANU: Zafi! Zafin gari!

HANSAI: Au, lokacinsa ne. Ya ɗanka Iliyasu? Yana nan wurinka?

SALMANU: Yana... lafiya lau yake.

HANSAI: Yana nan, na ce?

SALMANU: Adda, ba ya nan. Na kore shi.

HANSAI: Subhanallahi. Ɗan Addarka guda? Me ya yi?

SALMANU: Kin san yana aikin awo tare da Shinuwa, wato mutanen Sin, masu gina madatsar ruwa a kan Binuwai. Na je ƙauye, sai na tarar da jan turke a tsakiyar gonar Baba, gab da kabarinsa. Wai alamar inda ruwa zai ci ke nan. Na ce wa ya kafa? Aka ce jikan mai gonar, da hannunsa.

HANSAI: Gwamnati ce ta sa aikin, ba shi ba.

SALMANU: Da haka ya faɗa mini, da na haƙura. Cewa ya yi ƙasa ba ta mutum ɗaya ba ce, gona guda ba za ta hana gari duka samun lantarki ba. A kan tabarmata, yana cin tuwona! Wannan ai karatun kwaminis ne.

HANSAI: Kwamitin wa?

SALMANU: Kwaminis! Aƙidar Shinuwa da mutanen Rasha.

HANSAI: Ni kullum a rediyo nake jin su da Amurka da Faransa kamar za su cinye juna. Wai me ya haɗa su tun asali?

SALMANU: Dukiya ce, Adda. Waɗancan sun ce abin da ka yi wa gumi naka ne, ka sayar, ka bar wa 'ya'yanka, shugaba in ya ɓata maka rai ka sauke shi da ƙuri'a. Su kuwa kwaminis sun ce babu mai tara abu da yawa sai da gumin wasu, don haka gona da masana'anta su koma hannun hukuma, ta kowa da kowa. Kin ga in ɗaya ya yi gaskiya, ɗayan ɓarawo ne. Ina za su zauna inuwa ɗaya?

HANSAI: To kai kana ina?

SALMANU: Ni da na fara da tallar goro a tasha? Wani ya zo ya ce kantina na kowa ne? Kuma an ce manyansu ba su yarda akwai Allah ba.

HANSAI: Wannan kam Allah ya tsare. Amma Salmanu, shekarun da muka yi muna tsinkar auduga a gonar nan, wa ke yanka mata farashi?

SALMANU: Kamfani.

HANSAI: Baba ya taɓa cewa bai yarda ba?

SALMANU: A'a.

HANSAI: Gonar tasa ce, gumin nasa ne, bakin na wani. Kuma haihuwar Zuwaira ta ƙarshe, da fitilar ƙwai aka yi ta a asibiti, kai ka gaya mini.

SALMANU: Duk da haka, a can ko ƙorafi ba ka da iko ka yi. Ka buɗe baki, ka ɓace.

HANSAI: Mu nan fa? Jam'iyya nawa gare mu, in ba guda ɗaya ba?

SALMANU: Adda! Waya ce fa. Bar wannan.

HANSAI: Ka gani?

SALMANU: Na gani. Ni dai... ba gonar ce ta fi ci mini rai ba. Da ya zo ya ce, Kawu, ruwa zai rufe Kaka, ka yafe mini. Shi ke nan. Sai ya tsaya yana yi mini lacca.

HANSAI: Tsoronka ya ji, shi ya sa ya ɓuya a bayan manyan kalmomi. Da ya kafa turken, ya daɗe zaune bakin kabarin yana kuka.

SALMANU: Wa ya gaya miki?

HANSAI: Shi. A bayan motar auduga ya iso, duk ya rame. Ga shi nan tsaye kusa da ni, yana jin muryarka.

SALMANU: Yana... Adda, kin san komai kika bar ni ina zuba?

HANSAI: So yake ku je tare ku yi wa Baba addu'a kafin ruwa ya zo. Ya ce shi kaɗai ba zai iya komawa wurin ba.

SALMANU: Ba shi wayar.

ILIYASU: Kawu... ina wuni.

SALMANU: Ɗan banza. Ka ci abinci?

ILIYASU: Na ci, Kawu. Ina so in ce...

SALMANU: Riƙe abinka sai ka zo. Ka hawo motar safe, ɗakinka yana... Alo? Iliyasu? Madam mai haɗa waya, kar ki yanke, ban gama ba! Alo!