Kazar Jikin Anbuba

Shamsiyya: Alo? Yaya Awadiyya? Salamu alaikum.

Awadiyya: Wa alaikumus salam. Auta, ke ce? Wannan lambar wa?

Shamsiyya: Wayar Haboba ce. Tana barcin rana, na zaro a ƙarƙashin matashi. Ina wuni, Yaya?

Awadiyya: Lafiya ƙalau. In tsohuwar nan ta farka ta ga jikarta ta cinye mata rasid, kuɗin kiranta, babu ruwana. Ya Baba?

Shamsiyya: Lafiya lau, yana kasuwar Alhilla Kuku. Ya mutanen Umbadda? Ya Wa'il, haƙorin ya fito?

Awadiyya: Ya fito, a yatsana ya fara gwada shi. Ya zafi? An kawo muku ruwa?

Shamsiyya: Jiya ya zo kaɗan, muka cika barmil, gangar nan tamu, ya ɗauke. Ya maigidanki, Yaya Hussein? Ya aiki?

Awadiyya: Alhamdu lillahi.

Shamsiyya: Ya Wa'il?

Awadiyya: Kin tambaye shi. Har yanzu haƙori ɗaya ne, bai ƙara ba. Me ya sa kike raɗa kamar kina cikin tulu?

Shamsiyya: Ba komai. Gaisuwa ce kawai. Motar shara ma ta zo mana ranar Talata. An ce kuma mutanen mahalliyya, ƙaramar hukuma, za su yi feshin sauro, kowa ya rufe abincinsa.

Awadiyya: Madalla. Wato kin saci wayar Haboba kin kira ni daga unguwar Hajj Yusuf ki karanta min labaran mahalliyya. Shamsiyya, me kika fasa?

Shamsiyya: Ban fasa komai ba. Yaya, ki rantse ba za ki gaya wa Baba ba.

Awadiyya: Ba na rantsuwa a kan abin da ban ji ba. Faɗi.

Shamsiyya: Anbubarmu ce, tukunyar gas. Kin san yanzu ba a bin layi, lajna, kwamitin unguwa, ke tarawa. Kowa ya kai tasa midan, filin unguwa, mota ta kwashe, a ciko a dawo da su.

Awadiyya: Mu ma haka ake yi. Sai me?

Shamsiyya: To Ustaz Hazim na lajna ya faɗa a lasifikar masallaci, kowa ya rubuta sunan mai gida a jikin tasa da fenti. Baba zai fita ya miƙo min ragowar shuɗin fentin ƙofa, ya ce, auta, rubuta sunana ki kai.

Awadiyya: Ke ya ba rubutu?

Shamsiyya: Shi yana ganin na iya. Ni kuma... alo? Yaya?

Awadiyya: Ina jin ki, shabakar waya ce ke wasa. Ke kuma me?

Shamsiyya: Na kasa ce masa a'a. Kin san a aji uku na tsaya. Kuma sunan Baba, Zainul'abidin, daga nan har gada. Na fara ke nan, ga Duha ta gidan Hajja Talatu ta leƙo ta katanga tana kallona.

Awadiyya: Ba sai ki ce ta rubuta miki ba?

Shamsiyya: Duha? Kafin magariba duk murabba'in nan ya ji, unguwa kaf. Sai na shafe abin da na fara, ya zama wani ƙaton dunƙule. Sai na yi masa ƙafa da baki, na mai da shi kaza.

Awadiyya: Kika mai da sunan Baba kaza.

Shamsiyya: Ba sunan ba, dunƙulen. Na ce ai in sun dawo zan gane tamu in ɗauko shiru, babu wanda ya sani. Yaya, dariya kike yi.

Awadiyya: Tari ne. Ci gaba.

Shamsiyya: Yau bayan azahar mota ta dawo. Ashe ba a barin kowa ya taɓa. Ustaz Hazim ke kiran suna a lasifika, kowa ya zo ya karɓa. Aka kira kowa, saura tamu ita kaɗai a tsakiyar midan. Sai ya ce, jama'a, akwai anbuba ɗaya ba suna, an zana mata akuya.

Awadiyya: Akuya kuma?

Shamsiyya: Wai shuɗiyar akuya, mai ita ya zo. Sau uku yana faɗa. Yara sun zagaye ta suna ta mee, mee.

Awadiyya: Tsaya in zauna. Hussein, zo ka ji...

Shamsiyya: Yaya, don Allah kar ki kira shi. Wallahi zan kashe wayar.

Awadiyya: Halas, ya wuce banɗaki. To ke me ya hana ki zuwa? Ki ja mayafinki ki ce tamu ce.

Shamsiyya: In je gaban mutane in ce ni ce mai akuya? Shi ke nan sunana har in tsufa. Kuma za su ce me ya sa ba ki rubuta ba.

Awadiyya: Ki ce fenti ne ya zube.

Shamsiyya: Fenti ya zube ya yi ido da tukku?

Awadiyya: Har da tukku kika yi mata? Kin dai ba ta lokaci.

Shamsiyya: Ni kiran da na yi, ko za ki hau raksha, mai ƙafa ukun nan, ki zo ki karɓo. Ke ba a unguwar kike ba yanzu, ba wanda zai tsokane ki.

Awadiyya: Daga Umbadda a raksha? In ƙetare Omdurman, in ƙetare gada, da goyo, saboda akuyarki? Kafin in iso Wa'il ya yi haƙora huɗu.

Shamsiyya: Ustaz ya ce in an yi la'asar babu mai ita, za a mai da ita ma'ajiyar mahalliyya. Kin san abin da ya shiga can ba ya fitowa. Ita kaɗai gare mu, Yaya. Sati guda ina hura gawayi, Haboba tana tari. Baba zai dawo ya ce ina anbuba, me zan ce?

Awadiyya: Ki ce ta tafi kiwo.

Shamsiyya: Yaya.

Awadiyya: To na daina. Saurare ni, auta. Rabin matan layinmu ba su iya rubutu ba, 'ya'yansu suka rubuta musu. Haboba da kanta da babban yatsa take sa hannu, kin taɓa ganin ta ɓuya? Za a yi dariya yau da gobe, jibi motar feshi ta zo a samu sabon zance.

Shamsiyya: Ba shi ke nan ba. Da aka ga babu suna, Hajja Talatu ta fito ta ce tata ce, wai tasu ta ɓace tun Ramadan.

Awadiyya: Uwar Duha? Ai Duha ta gan ki kina zanawa.

Shamsiyya: Ta gani, ta yi shiru. Shi ne Ustaz Hazim ya ce duk mai cewa tasa ce, ya zana irin dabbar a ƙasa a gaban lajna. Ya juya anbubar ta kalli bango, kar a kwaikwaya.

Awadiyya: To ai kin ci. Duk Hajj Yusuf babu mai zana kazar da za a kira akuya sai ke.

Shamsiyya: Hannuna zai yi rawa.

Awadiyya: Da ma da rawar kika zana ta farko, sai su fi kama. Kina iya hango midan daga nan?

Shamsiyya: In na hau barmil. Tsaya. Na hau. Mutane sun ƙaru, har mai shayi ta matso da kujerunta. Yaya, ga Hajja Talatu can ta durƙusa da tsinke a hannu.

Awadiyya: Me take zanawa?

Shamsiyya: Tana yi mata ƙafa. Ɗaya, biyu... ta ƙara. Huɗu ta yi mata. Har da ƙaho. Yaya, ƙaho take sa wa kazata.

Awadiyya: Ai akuya aka ce mata.

Shamsiyya: Kuma Ustaz yana gyaɗa kai. Zai ba ta fa. Ƙafa biyu na yi, biyu, kowa ya duba. Wace akuya ce ke da tukku?

Awadiyya: Ni kike gaya wa? Ni a Umbadda nake.

Shamsiyya: Ina mayafina... Haboba, ba komai, koma barcinki, yanzu zan dawo. Yaya, ragowar fentin yana bayan ƙofa, da shi zan je, a bangon lajnar zan zana musu su gani da kyau.

Awadiyya: A ƙasa aka ce, auta, kar ki taɓa bangon mutane. Kuma ki ajiye wa Haboba wayarta kafin ki...

Shamsiyya: Ustaz! Ustaz Hazim, tsaya, kar ka ba ta. Kaza ce, ni na...

Awadiyya: Alo? Shamsiyya? Alo?