Kyandir Ɗaya, Maƙabarta Biyu

A tashar motar garin Kobarid, a ƙasar Sloveniya, na ji wani tsoho, riƙe da kyandir ɗaya, yana tambayar wata mai sayar da furanni.

"'Yata, ina aka binne sojojin yaƙin duniya na farko? Kakana nake nema."

"Na Italiya suna kan tudu, na Austiriya suna ƙasa. Wa ya yi wa yaƙi, Baba?"

"Oho. An ce waɗannan suka ɗauke shi soja, waɗancan suka kama shi suka sake ba shi bindiga."

"Ai ƙasusuwan ma a cakuɗe manoma suka tono su."

"To ni ina zan kunna masa?"

"Gwiwarka za ta hau tudu?"

"Ina fa."

"To, yana ƙasa."