Likita Mace a Layin Farko

A bencin wani tela a unguwar Briketeri, Hidaya ta miƙa wa wata dattijuwa takardar koke.

"Hajiya, sa mana hannu. Majalisa za mu kai wa wakilanmu depitoci, kan kansar nono."

"Me kuka fara roƙo?"

"Kuɗin bincike, sai na'urar gwaji."

"Haba 'yata! Likita mace za ki sa a farko. Ƙanwata shekara biyu ke nan tana ɓoye ƙullutu a nono. Sau uku tana zuwa asibiti, in ta tarar da namiji, sai ta ce ciwon kai ne ya kawo ta."

"Subhanallahi. Yanzu tana ina?"

Dattijuwar ta ja mayafi ta rufe ƙirjinta na hagu.

"Tana jira ki gyara takardar."