Lambar da Anka Rubuta ma Malam Rabe

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, Allah gafarta Liman, hedimasta da 'yan uwana malaman makaranta. Inna Aisatu da kinka haifi Malam Rabe, Zubaida uwar ɗiyanshi, da ke ɗiyarshi Basira, Allah ya ba ku haƙurin rashinshi. Ni Dabo, tare munka yi koyarwa da Malam Rabe, shi ya sa anka ce in yi magana.

Ya kasance mutum mai ban haushi wurin gaskiya. Ko alli ya ɗauka a ajina sai ya aiko da rabin da ya rage. Ya kasance shekarar da gubar dalma ta shiga Tungar Guru, shi ka goya yara bisa babur zuwa wurin magani, ya dawo ya ɗebi ƙasar gidajen mutane mai gubar da hannunshi. Muna ce mishi ya rufe hanci, shina dariya.

Da ciwon kai da kumburin ƙafa sunka taso mishi, ya tafi asibitin kuɗin da inshorar lafiya ta haɗa mu da shi. Ku da ba ku sani ba, in an duba mutum zai koma gida, akwai lambar da ake rubuta ma cutarshi, da ita kamfanin inshora ka biyan asibiti. Ta zazzaɓin sauro ana biya ba tambaya. Gwajin dalma da na ƙoda kuwa sai an nemi izinin kamfani, a jira. To duk zuwan da Rabe ya yi, zazzaɓi anka rubuta, anka ba shi ƙwaya.

Na raka shi zuwan ƙarshe. Na ce ma mai rubuta lambar, mutumen ga ya yi aikin dalma. Ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "Malam, kowa zazzaɓi muka sa mishi, ita ka fita da wuri." Lokacin da munka kai shi Sakkwato, ƙodar ta riga ta tafi.

Inna, kin ce mu bar ma Allah. Ajali mun bar ma Allah. Amma wallahi ban yafe ba, kuma ba mu yafe ba. Duk wanda asibitin nan ya taɓa kira mai zazzaɓi, daga Bukkuyum har Gummi da Anka, ya zo ya ba da shaida. Za mu kai su gaban hukuma, mu tsaya har a rufe ƙofarsu, mai asibitin ya ji kunyar shiga kasuwa.

Zubaida, ki ji ni. Basira na ciwon kai tun damina, su kuma can asibitin lambar da sunka sa ma ubanta sunka rubuta mata. Gobe da safe mu malamai za mu kai ta gwajin jini da aljihunmu. Ba mu jiran izinin kowa.

Mun gode ma duk wanda ya taka ya zo. Allah ya jiƙan Rabe, ya haskaka kabarinshi. Waɗanda sunka gan shi da ƙafa kumbure sunka kira ta zazzaɓi, Allah ya isa tsakaninmu da su. Ya Allah, ka karɓi uban, ka bar muna ɗiyar. Amin.