Wa'azi na Bakwai

A tashar jirgin ƙasa na metro ta unguwar Batha, wani dattijo ya leƙa wayar mutumin da ke gefensa.

"Malam, wa'azin malamin Hindu kake saurare? Subhanallahi!"

"Baba, wani Ba'indiye abokin aikina ne ya turo min. Ko kalma ɗaya ba na ganewa, amma muryarsa tana kwantar min da hankali. Jiya saura ƙiris in mari kafil ɗina, ubangidan da ya tsaya min a ƙasar nan, in rasa iƙama, takardar izinin zamana."

"Goge shi! Kan haƙuri yake magana, sai ka ce mu ba mu da malamai."

"Au, Baba kana jin Indiyanci?"

"Ina sauraronsu ne kawai don in gargaɗi matasa. Kuma wannan na uku ne, duk surutu. In dai fushi ke damunka, na bakwai za ka nema."